Ɗalibin Talata da Alhamis

Tun da Gwaggo ta ajiye jakarta a kan kujera ta cire takalmi, Auta ta san yau ba za a kwashe da daɗi ba. Gwaggo ƙanwar Baba ce, ba ta zuwa gidan da rana tsaka sai da magana a bakinta, maganar da ke yawo a gidan kwanakin nan kuwa guda ɗaya ce: saurayin Auta.

Ba wanda ya ce yaron ba shi da hankali, ba wanda ya ce ba shi da asali. Laifinsa ɗaya ne, amma a wurin Gwaggo da Yaya ya fi goma nauyi. Ya yi digiri mai kyau, ya samu aiki a wani kamfanin waya, ofis mai sanyi, ga motar kamfani tana ɗaukarsa har ƙofar gida. Shekara biyu yana nan, sai kawai ya rubuta takarda ya ajiye aikin, ya sake komawa karatu, ya ɓullo a makarantar firamare yana koyar da 'yan aji biyu.

Yaya, babban wan Auta, mai sayar da kayan gyaran mota ne, kuma a ganinsa ya gama sanin duniya tun yana ɗan shekara ashirin. Shi ya raɗa wa saurayin suna Mai Alli. A wurin Yaya mutum uku ne ke koyarwa: wanda ya nemi aiki ko'ina bai samu ba, wanda ya laɓe yana jiran wani abu ya faɗo, sai wanda aka kora. Na farko da na biyu ba su dace da Mai Alli ba, saura na uku ke nan.

"Korarsa aka yi," in ji Gwaggo, tana gyara zama. "Ke yarinya ce, ba ki san maza ba. Wa zai bar ofis ya koma share wa yara majina da son ransa?"

Auta ta ce ai ta tambaye shi, ya ce son aikin yake yi. Yaya ya yi dariya har da buga cinya, ya ce shi ma yana son barci amma bai rufe shago ya mai da shi sana'a ba. Mama tana kicin tana jin su. Auta ta sunkuyar da kai, ranta ya ɓaci, domin ita kanta ta san amsar ba ta cika baki ba, kuma duk sanda ta matsa masa da tambaya sai ya yi murmushi ya sauya hira.

Ranar Asabar aka kira saurayin, wanda Auta ke ce wa Malam, ya zo ya gaida Baba. Baba kafinta ne, shekararsa arba'in yana riƙe da zarto, rabin kujerun unguwar daga hannunsa suka fito. Mutum ne mai kwarjini, ba ya son yawan magana, kuma yana da wata ɗabi'a da duk 'ya'yansa suka tashi da ita. Ko wace irin takarda ta shigo gidan, ko ta wuta ce ko ta makaranta, zai ɗauko tabarau ya saka, ya ƙura mata ido, sannan ya miƙa wa yaro ya ce, "Karanta in ji ko makarantar nan tana amfani." Auta ta fi kowa shan wannan jarrabawa, ta kuma fi kowa alfahari da ita.

Malam ya zo da riga mai tsabta, ya zauna a ƙasa duk da an nuna masa kujera. Yaya bai bari ya gama shan ruwa ba ya fara yi masa tambayoyi kamar ɗan sanda. Malam ya amsa a natse, har ya ciro takardar da kamfanin ya ba shi ranar da ya bar aiki, ya miƙa wa Baba da hannu biyu. Baba ya saka tabarau ya daɗe yana kallonta. Sai ya cire tabaran ya goge da bakin riga, ya ce idon nan nasa ya fara ba shi matsala, ya miƙa wa Auta ta karanta.

Auta ta karanta, yabo ne daga farko har ƙarshe. Amma da ta ɗago kai sai ta ga Malam ba ita yake kallo ba, hannun Baba yake kallo, wani irin kallo na ɗan lokaci, sannan ya yi saurin mai da idonsa ƙasa. Baba ma ya lura, fuskarsa ta ɗaure. Ya ce a ba shi wata uku ya yi bincike, kafin nan ba ya son ya ji maganar aure daga bakin kowa. Yaya ya ce takarda ai ko a bakin titi ana bugawa.

Wata na farko ya wuce lafiya. A na biyu ne abin ya soma. Auta tana aiki a wani kantin magani, tana tashi ƙarfe huɗu, kuma sun saba ta kira Malam tana hanyar gida. Sai ta lura duk Talata da Alhamis wayarsa a kashe take daga huɗu zuwa shida. Karo na farko ta ce caji ne. Karo na biyu ta ce netwok. A karo na biyar ta daina yi wa kanta ƙarya, ta tambaye shi. Ya ce wani aiki yake yi. Ta ce wane aiki? Ya ce amana ce, ta yi haƙuri.

Kalmar nan ta amana ita ta tsaya mata a rai. Ta yi kuskuren da duk mai damuwa ke yi, ta faɗa wa Gwaggo, kafin rana ta faɗi Yaya ya ji. Kwana uku ya ɗauka ya dawo da rahoto yana ta hura hanci. Wani mai shago da ke kallon makarantar ya gaya masa cewa bayan an tashi yara, Mai Alli yakan koma aji ya rufe tagogi, sannan wani ya shigo ta ƙaramar ƙofar baya. Ko mace ce ko namiji, mai shagon bai gani ba, shi dai yana jin ƙarar ƙofar. Yaya ya ce mace ce, ko tantama babu. Gwaggo ta ce a bari tukuna, ita jikinta yana ba ta abin ya fi haka.

Jikin nata bai daɗe ba ya samu abin da yake nema. Wata Lahadi Malam ya zo zance da tarin littattafan yara da zai duba a gida, da zai tafi sai ɗaya ya zame ya faɗa bayan kujera. Gwaggo ce ta tsinta. Littafi ne irin na 'yan aji biyu, amma babu suna a bangonsa. Ta buɗe ta rufe, ta yi salati, ta kira Auta da Yaya. Shafi uku cur, layi bayan layi, ba abin da aka rubuta sai kalma ɗaya da manyan haruffa masu karkata, an danna fensir har ya kusa huda takarda: AUTA, AUTA, AUTA.

"Na faɗa muku," in ji Gwaggo, muryarta ƙasa-ƙasa. "Wannan ba rubutun yaro ba ne, ba kuma rubutun mai lafiya ba ne. Boka yake kawowa aji, suna rubuta sunanki. Shi ya sa duk abin da aka faɗa ba kya ji."

Auta ba ta yarda da maganar boka ba. Ta kai littafin ɗakinta ta zauna tana juya shi. Fensirin mai kauri ne, ba irin na yara ba. A tsakiyar littafin akwai wani ɗan gari ja-ja, ta hure shi ba tare da ta kula ba. Ta yi kuka sosai ranar, ba don tsoron asiri ba, sai don mutumin da take so yana da wata rayuwa da ya rufe mata ƙofa. Ta shiga tuno kowace maganarsa tana auna ta. Murmushinsa da ke kwantar mata da hankali ma yanzu sai ta ga kamar na mai ɓoye abu ne.

Washegari ta kira shi ta ce littafinsa yana hannunta, ta tambaye shi wa ya rubuta. Ya ce ba abin cutarwa ba ne, amma ba zai iya faɗa ba.

"Ko da auren zai lalace?" ta ce.

"Ina roƙon Allah kada ya lalace. Amma ba sirrina ba ne, Auta, balle in ba ki."

Ta kashe wayar ba sallama. Yaya kuwa ya je wurin Baba da littafin da labarin ƙofar baya, ya nemi a kira Mai Alli ya yi bayani a gaban kowa, in ya ƙi a sallame shi. Baba ya karɓi littafin, bai ko buɗe ba, ya mayar masa, ya ce a bari wata ukun su cika, saura mako biyu.

Auta ba ta iya jiran mako biyu ba. Ranar Alhamis ta roƙi mai kantin ya sake ta da wuri, ta hau mota ta sauka nesa da makarantar, ta zaga ta baya. Ƙaramar ƙofar a buɗe take. Filin makarantar ya yi tsit, sai takardun alewa da iska ke juyawa. Aji biyu yana can ƙarshen baranda, tagoginsa a rufe, amma ɗaya ta tsage daga ƙasa. Ta durƙusa ta saka ido, ta riga ta shirya ganin mace.

Malam yana tsaye a gaban allo da alli a hannu. A bencin gaba, bencin 'yan shekara bakwai, wani dattijo ne zaune, gwiwoyinsa sun kusa taɓa ƙirjinsa, ya duƙa a kan littafi da fensirin kafinta mai faɗi. Ta san wannan ƙeyar. Ta san wannan rigar, ita ta goge ta da safe. A gefensa ga jakar kayan aikinsa, wadda yake fita da ita duk Talata da Alhamis ya ce zai je duba katako.

Baba ya ɗora yatsa a kan layi yana bi a hankali. "Ku... je... ra. Kujera." Ya ɗago yana dariya kamar yaro. Malam ya ce daidai, ya ce wannan kalmar ai tasa ce, shi ya fi kowa haƙƙi a kanta.

Auta ta zauna a ƙasa ta jingina da bango. Garin nan ja-ja da ta hure, dusar katako ce. Takardun wuta, takardun makaranta, tabaran da ake sakawa a cire, duk suka dawo mata lokaci ɗaya. Shekara ashirin tana karanta wa mahaifinta takarda tana zaton jarrabawa yake yi mata.

Daga ciki ta ji Baba ya ajiye fensir. Ya ce ya san irin wutar da ake hura wa Malam a gida saboda shi, ya kuma san yarinyar tana kuka, amma ya kasa buɗe baki, domin bai san da wane ido zai kalli 'ya'yansa ba. Malam ya ce kada ya damu, ranar da ya shirya ita ce ranar. Sai Baba ya yi masa tambayar da kowa ke yi, amma shi ba da ba'a ba. Ya ce me ya raba shi da ofis, kuma ta yaya ya gane shi tun ranar farko?

Da Malam ya fara amsawa, muryarsa ta sauya. Ya ce yana jami'a mahaifiyarsa ta je asibiti, aka duba ta, aka ba ta 'yar takarda. Ba ta iya karatu ba, kuma tana jin kunyar maƙwabta su ce uwar ɗan jami'a ce amma ba ta san ko harafi ɗaya ba. Sai ta ninke takardar ta saka a ƙarƙashin katifa, tana jiran ya dawo hutu.

"Layi biyu ne, Baba. Ranar da za ta koma a yi mata aiki aka rubuta. Da na karanta, ranar ta wuce da mako bakwai, ciwon kuma bai jira ba."

Ya ce bayan rasuwarta ya kama aiki a kamfani, yana ganin zai manta. Sai ga shi kullum mutane suna zuwa gabansa da waya a hannu, manya masu mutunci, su ce ya duba musu saƙon nan, idonsu ne ba ya gani sosai. Duk wanda ya faɗi haka, mahaifiyarsa yake gani. Da ya bincika sai ya gane yawancinsu sun taɓa zama a aji, a aji biyu karatun ya kuɓuce musu, ba wanda ya waiwaya. Shi ya sa ya nemi aji biyu da bakinsa. Ya ce bai taɓa ba Auta labarin ba, domin har yau in ya fara ba ya iya ƙarasawa.

Auta ta toshe bakinta da mayafi ta lallaɓa ta fita ta inda ta shigo. A mota ta yi ta hawaye har wata mata ta tambaye ta ko rasuwa aka yi. Kunya ce ta fi damunta, kunyar irin abubuwan da ta saƙa a ranta game da shi. Ta so ta kira shi ta ba shi haƙuri, ta so ta shiga gida ta rufe bakin Yaya da magana ɗaya. Amma ta tuna ƙeyar Baba a kan ƙaramin bencin nan, sai ta gane amanar ta zama tata ita ma.

Kwanakin da suka biyo baya sun yi mata tsawo. Yaya yana shigowa da sabon zargi kullum, har ya ce ya ji an ce Mai Alli yana da mata a wani gari. Gwaggo ta ga Auta ta daina kuka, ta ce to shi ke nan, asirin ya gama kama ta. Auta ta haɗiye duka. Da wata takarda ta zo Baba ya saka tabarau ya miƙa mata kamar kullum, ta karanta, amma a hankali, tana bin kowace kalma da yatsa yadda zai gani. Mama da ke tsaye a bakin ƙofa ta dube ta, ita ma ta dubi Mama. Nan Auta ta gane ashe Mama ta shekara talatin da wani abu tana riƙe da wannan sirri.

Ranar da wata uku suka cika, falo ya cika. Malam ya zauna a inda ya zauna da farko. Yaya ya ajiye littafin a tsakar tabarma ya ce tambaya biyu ce kawai: wa ke shiga ta ƙofar baya, kuma wa ya rubuta wannan? Malam ya ce a gafarce shi, ba zai iya faɗa ba. Gwaggo ta tafa hannu ta ce to magana ta ƙare, ta juya wurin Auta ta ce ta faɗa da bakinta cewa ta haƙura.

"Ban haƙura ba, Gwaggo," in ji Auta. "Na yarda da shi."

Yaya ya miƙe zai yi faɗa, Baba ya ɗaga hannu, ya koma ya zauna. Baba ya cire tabaransa ya ajiye a gefe. Ya jawo littafin ya buɗe sabon shafi, ya zaro fensirin da ke bayan kunnensa. Ya daɗe yana rubutu, falon ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar fensir. Da ya gama bai miƙa wa kowa ba. Ya ɗora yatsa ya karanta da kansa, gaɓa-gaɓa.

"Na... ba... shi... Auta."

Ya juya littafin kowa ya gani. Haruffan nan ne masu karkata, irin na shafuka ukun farko sak. Gwaggo ta buɗe baki ta kasa rufewa.

Baba ya ce shi ne bokan, shi ne kuma matar da ke shiga ta ƙofar baya. Ya ce shekararsa sittin da biyu bai taɓa karanta kalma ɗaya ba, lambobin awo kawai ya sani. Yaron nan ya gane shi tun ranar farko, da ya ga dama da ya yi amfani da abin ya samu aure a sauƙaƙe. Maimakon haka sai ya zo shago ya ce bencinan ajinsa suna buƙatar gyara, kuma Talata da Alhamis bayan an tashi ba kowa a makarantar. Ya ce mako biyu yana gyaran benci kafin ya iya zama a kan ɗaya, Malam bai taɓa ce masa ya zauna ba.

"Kalmar farko da na ce ya koya mini, sunan 'yata ce. Na bar ku kuna zaginsa saboda tsoron kunyata, shi kuma ya yarda ya rasa auren da ya tona ni. In akwai mai laifi a ɗakin nan, ni ne."

Yaya ya sunkuyar da kai, can sai ga shi yana share ido da bayan hannu. Ya matsa ya miƙa wa Malam hannu ya ce ya yafe masa, ya kira shi Malam, karo na farko ke nan. Gwaggo ta ce ita dama tun farko jikinta ya ba ta yaron kirki ne, Mama ta yi dariya har da hawaye. Auta ta rarrafa ta dafa gwiwar Baba tana kuka, shi kuma ya dafa kanta.

An yi auren bayan wata biyu. Yaya har yau yana nan da lissafinsa na masu koyarwa, sai dai ya ƙara na huɗu, wanda ya taɓa ganin abin da rashin karatu ya yi wa nasa, ya ƙudura ba zai sake tsayawa yana kallo ba. Abin da Auta ta koya kuwa, take kuma faɗa wa duk ƙawar da ta kawo mata ƙarar saurayi, shi ne zargi yana da saurin cika gurbin abin da ba a sani ba, kuma ba kowane shiru ne ke ɓoye laifi ba, wani mutuncin wani yake rufewa. Mutumin da ya riƙe sirrin mahaifinki alhali zai iya rasa ki a kansa, naki ma zai riƙe.

Baba bai daina zuwa aji ba, amma yanzu ta babbar ƙofa yake shiga. In takarda ta zo gidan kuwa ba ya miƙa wa kowa. Yakan zauna da ita ko da za ta ɗauke shi rabin awa, in wani ya yi gigin taimaka masa ya ce a ƙyale shi, yana so ya ji ko makarantar nan tana amfani.